Inda ya kamata jami'an duba dabbobi su tsaya a Jihar Katsina

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a shekarar 2024, maganar da aka fi ji daga bakin mahukunta ita ce ta yawan madara da inganta iri da filayen kiwo da kuma sasanta manoma da makiyaya. Duk waɗannan suna da muhimmanci, amma akwai ɓangaren da ba a ba shi haƙƙinsa ba, wato halin da dabbar kanta take shiga tun daga ranar da ta bar hannun mai kiwonta har zuwa lokacin da wuƙa ta hau wuyanta. Ni mutumin Daura ne, likitan dabbobi, kuma aikina a arewacin Ingila shi ne jagorantar wata ƙaramar tawagar jami'an gwamnati masu shiga gonaki su duba yadda ake kula da shanu da tumaki da kaji. Ra'ayina shi ne Jihar Katsina tana buƙatar irin wannan tawaga, sai dai idan aka kwaso tsarin Turawa yadda yake aka dasa, za a tura jami'ai wurin da ba nan ne aka fi buƙatarsu ba.

A Ingila, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa duk mai riƙe da dabba nauyi biyar: ya sama mata wurin zama da ya dace, ya ba ta abinci da ruwan da suka dace, ya bar ta ta yi ɗabi'ar da aka halicce ta da ita, ya haɗa ta da 'yan'uwanta ko ya ware ta gwargwadon buƙatarta, sannan ya kare ta daga ciwo da rauni da wahala. Hukumar kula da lafiyar dabbobi da tsirrai, wato APHA, wadda aka kafa a 2014, ita ce ke tura likitoci da jami'ai gonaki, ƙananan hukumomi su ne galibi ke kai ƙara kotu, a mayanka kuwa akwai likitocin hukumar kula da ingancin abinci, kuma tun 2018 doka ta wajabta sanya kyamarori a mayankan Ingila. A 2021 aka ɗaga hukuncin zaluntar dabba zuwa ɗaurin da zai iya kai shekara 5, amma abin da manomi ya fi tsoro shi ne kotu ta haramta masa riƙe dabbobi, domin wannan yana raba shi da sana'ar da ya gada.

Ba tausayi kaɗai ne ya gina wannan tsari ba, asara ce ta koya wa Turawan. A 2001 ciwon boru, mai kama baki da kofato, ya ɓarke a Birtaniya, aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6 kafin a shawo kansa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka ruruta shi shi ne yadda tumaki suka yi ta yawo daga kasuwa zuwa kasuwa ba tare da an iya bin sawunsu da wuri ba. Yanzu kowace saniya tana da lamba a kunne da takardar da ke bin ta duk inda ta je, kuma idan manomi ya shigo da sababbin shanu ko tumaki gonarsa, a bisa ƙa'ida sai ya jira kwana 6 kafin ya fitar da wasu zuwa wata gona. Wannan rubutu shi ne ƙashin bayan aikinmu, domin kafin jami'i ya kama hanya ya riga ya san dabbobi nawa ya kamata ya tarar, da waɗanda suka mutu, da abin da likitan mayanka ya gani a jikin waɗanda aka aika daga can.

Mutane suna zaton aikin shugaban tawaga shi ne kama masu laifi, alhali kamu shi ne mafi ƙanƙantar ɓangarensa. Yawancin lokacina yana tafiya ne wajen zaɓar gonar da za a fara zuwa idan ƙorafi ya fi yawan jami'ai, da kuma tabbatar da cewa jami'ai biyu da suka ga saniya guda za su yanke hukunci iri ɗaya a kanta, shi ya sa muke auna ƙiba da rama da ma'auni na 1 zuwa 5, muna ɗaukar hoto, muna rubuta abin da ido ya gani, ba abin da zuciya ta raya ba. Matakan ma a jere suke: shawara da baki, sannan takardar gargaɗi mai wa'adi, sannan a koma a duba, kotu kuwa sai an ƙure. Sau da yawa idan aka tarar da garken da yunwa ta kassara, akan samu a bayansa wani dattijo ne da rashin lafiya ta ci ƙarfinsa, ko bashi ya rufe shi, ko matarsa ta rasu ya kasa riƙe gonar shi kaɗai. Irin wannan mutum ana taimaka masa ya rage dabbobin ne tun kafin su ƙare, kuma jami'in da bai iya zama ya saurare shi ba, bai iya aikin ba ko da ya haddace doka.

Ba na so a fahimce ni kamar mai cewa dabbar Ingila tana cikin jin daɗi. Kajin nama a nan ana tara dubun dubatarsu a rumfa guda, a yanka su suna da kimanin mako 5 zuwa 6, kuma saurin girman da aka halitta musu ta hanyar zaɓen iri yana sa ƙafafun wasu su kasa ɗaukar jikinsu. Gurguntaka ta zama ruwan dare a shanun madara. Wahalar dabba a nan tana bayan bango ne, inda maƙwabci ba ya gani, shi ya sa dole jami'i ya ƙwanƙwasa ƙofar gona. A wajenmu kuwa Bafulatani ya san kowace saniyarsa da sunanta da uwarta da kakarta, yana kwana a gefenta, yana cire mata kaska da hannunsa. Matar da ke kiwon ragon layya a cikin gida a Sandamu ko Baure tana ba shi dusa da harawa da kanwa, tana yi masa wanka, ta fi kowane jami'i saurin gane ranar da ya ƙi cin abinci. Akwai abin gyara a gida, kamar gyambon da karkiya ke yi wa shanun huɗa a wuya, da lodin da ake yi wa jaki, da ledar da awaki ke haɗiya a bola, amma ramar da shanu ke yi da bazara talauci ne da ƙarancin makiyaya da toshewar burtali, kuma takardar gargaɗi ba ta fito da ciyawa.

Azabar da ta fi tsanani, wadda kuma ake iya hanawa, tana farawa ne a kara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga ƙauyukanmu da kuma Jamhuriyar Nijar, ya ga yadda ake lodi. Sa da bai taɓa ganin mota ba za a ja da igiya a ƙaho, a murɗe masa wutsiya, a yi ta bugunsa da sanda a fuska da hanci har ya hau, sannan a ɗaure ƙahonsa a jikin ƙarfen tirela yadda ba zai iya ɗaga kai ko sauke shi ba. Ana cusa su har babu wurin da wanda ya faɗi zai miƙe, a shimfiɗa katako a sama a jera awaki, mutane su hau can bisa. Daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, tafiyar da kan ci kwana biyu ko fiye, kuma a mafi yawan lokuta babu ruwa babu abinci, ga tsayawa a shingayen karɓar kuɗi inda motar ke gasuwa a rana. Wanda ya galabaita sai a yi sauri a yanka shi a bakin titi don kada ya zama mushe. A ƙa'idar da muke aiki da ita a nan, manyan shanu a motar da aka tanada domin doguwar tafiya ba sa wuce awa 14 ba a tsaya an shayar da su na aƙalla awa 1 ba, bayan wata awa 14 kuma dole a sauke su su huta na awa 24, kuma dabbar da ba ta iya tsayuwa da ƙafarta ba a loda ta sam. Ba na cewa a ɗauko waɗannan alƙaluma a liƙa wa hanyar Legas gobe, amma tsakanin awa 14 da kwana biyu babu ɗigon ruwa akwai fili mai faɗi da za a iya tsayawa. Falke ma yana cikin masu asara, domin idan sa ya isa Agege a rame, da jini kwance a nama da fata duk yanka, ba ya yin kuɗin da ya kamata ya yi.

Wuri na biyu shi ne kwata. Ana jan dabba a kan siminti mai santsi, a kayar da ita da ƙarfi, a yanka ta a gaban 'yan'uwanta, kuma yawan shanu masu ciki da ake yankawa asara ce da kowane mahauci ya sani. Wasu 'yan'uwa suna ɗari-ɗari da wannan magana, suna ganin hanya ce ta shigo da sumar da dabba kafin yanka ko sukar yankan Musulunci. Ba a nan matsalar take ba, domin ko a Ingila doka ta bar wa Musulmi da Yahudawa damar yin yanka bisa addininsu. Abin da nake kira a kai yana cikin hadisin da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka, a wani hadisin kuma ya hana duka da yin lalas a fuskar dabba. Malamanmu na hisba tun da can sun lissafa hana ɗora wa dabba kayan da ya fi ƙarfinta cikin ayyukan mai kula da kasuwa.

Saboda haka tawagar da nake fatan gani a Katsina za ta tsaya ne a wurin lodi da bakin mayanka, kuma sharaɗin farko shi ne a raba ta da karɓar haraji rabuwa ta har abada. Ranar da aka ba jami'in duba dabbobi kundin rasit, ranar aikinsa ya mutu, domin kowa zai gane cewa biyan kuɗi shi ne lasisin wucewa. Makiyaya ba su manta da jangali ba, duk da cewa an daɗe da soke shi, kuma har yau mai zuwa ƙirga shanu abin zargi ne a ruga. Dole tawagar ta fara zuwa da abu a hannu: dakalin lodi mai gangara da ba ya santsi, kwamin ruwa, rumfar inuwa, da allurar rigakafin huhu daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda ke wannan aiki tun 1924. Bayan haka sai a kafa ƙa'idoji kaɗan da kowa zai iya riƙewa a ka, a zauna a tsara su da Sarkin Fawa da shugabannin kara da dillalai da ƙungiyar direbobi da Arɗo, tun da su ne masu faɗa a ji a wurin. Kada a loda dabbar da ba ta iya tsayuwa ko wadda ta kusa haihuwa, a shayar kafin lodi, a ƙayyade adadin da tirela za ta ɗauka, a ba direba takarda mai ɗauke da adadin da ranar da lokacin tashi. A 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama ta kuma hana fitar da shanu daga jihar saboda matsalar tsaro, an ga cewa gwamnati tana iya sarrafa zirga-zirgar dabbobi idan ta ga dama, kuma takardar da ke nuna asalin dabba za ta ƙuntata wa masu sayar da shanun sata. Wuraren sauke dabbobi su sha ruwa a kan hanyar kudu kuwa sun fi ƙarfin jiha guda, nan ne sabuwar ma'aikatar tarayya ya kamata ta shigo.

Wanda za a ba jagorancin wannan tawaga zai fuskanci abin da ni ban cika fuskanta a nan ba. Idan jami'ina ya hana wata dabba tafiya, abin da ya rubuta ya shiga kundin da ba ni da ikon gogewa, don haka babu amfanin wani ya kira ni ya roƙa. A gida kuwa jarrabawar farko za ta zo ne ranar da tirelar da aka tsayar ta zama ta wani babban mutum, wayar shugaba ta fara ƙara, ana ce masa ranka ya daɗe a yi haƙuri a sake ta. Idan ya sake ta, ƙaramin jami'in da ya tsayar da ita ba zai ƙara tsayar da kowa ba. Wannan shugaba yana buƙatar doka daga Majalisar Dokokin Jiha da ta fayyace ikonsa, da albashin jami'ansa a kan lokaci, da abin hawa, da kuma goyon bayan masarautun Katsina da Daura a bainar jama'a, domin maganar sarki tana isa inda takardar ma'aikata ba ta isa.

Na san za a ce mutane suna fama da yunwa da 'yan bindiga, ina ake ta saniya. Amsata ita ce jami'in da ke tsaye a wurin lodi da bakin kwata shi ne kuma zai fara ganin tarin fuka a huhun saniya, da baƙƙale mai sa dabba ɓari, da ciwon saifa irin wanda ya ɓulla a Jihar Neja a 2023, kuma shi ne zai tambayi mai rago yaushe aka yi masa allura ta ƙarshe, tun da maganin da bai gama fita daga jikin dabba ba yana ƙarewa ne a tukunyar iyali. Ba sai an jira an wadata dukkan ƙananan hukumomi 34 ba. A fara da kara guda da mayanka guda, Mai'adua da babbar kwatar birnin Katsina, a riƙa rubuta adadin dabbobin da aka hana lodawa da dalilin hanawa da masu cikin da aka ceto daga yanka, a kuma karanta wannan lissafi a rediyon jiha duk bayan wata uku domin fatake da mahauta da makiyaya su ji da kunnensu.