Kada a Sauke Injin Datsun ɗin Marigayi

A bayan gidan da nake haya a Aboabo, nan Kumasi, akwai wata rumfar kwano da ba a buɗe ta sai in za a jefa tarkace. Watan jiya aka yaye tsohon tamfol ɗin da ke cikinta, sai ga Datsun 240Z ƙirar 1971, ruwan lemo, tayoyinta huɗu duk sun zauna ƙasa, gizo-gizo ya yi saƙa a sitiyari. Ta mahaifin maigidanmu ce, Allah ya jiƙansa, falke ne na goro, ya saye ta hannun wani likita da ya dawo da ita daga Amurka. Maigidan ya bar wa ɗansa ita, saurayi mai hankali da son mota, shi kuma ya ƙudura zai sauke injinta ya ɗora na Toyota Supra, wanda ake kira 2JZ, mai turbo biyu. Har ya je Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame, ya yi magana da masta, wato babban bakanike.

Ni Bakano ne, shekarata 11 a garin nan, kuma tun ranar da yaron ya nuna mini hoton injin a wayarsa nake faɗa masa abu ɗaya: kada ya yi.

Na fara da abin da ya same mu a gida. Mahaifina yana da Peugeot 504 ta Kaduna, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara haɗawa a 1975. Tasa ta 1982 ce. Bayan rasuwarsa injin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, abin da sabon ringi da gaskit za su magance. Wani bakanike ya ce ɓata kuɗi ne, a sayo ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa a ɗora, na kuwa yarda. Aka ajiye tsohon injin a lungun gareji, an ce za a kula da shi. Da na waiwaye shi bayan shekara biyu, an riga an sayar wa ’yan gwangwan a kan sikeli. Sabon injin bai zauna daidai ba, aka bi shi da wani giyabos, aka bi giyabos da wasu wayoyi, ƙarshe motar ta koma ɗaukar buhuna zuwa kasuwannin ƙauye. Har yau idan na ji ƙarar 504 a hanya sai na juya. Ina neman muryar da na saba ji da asuba a ƙofar gidanmu, ba zan kuma sake jin ta ba.

Ban ce sauya inji laifi ba ne. A Kano da Kumasi duka, da shi ake cin abinci. Motar haya da za ta kwana biyu a gareji, iyalin direba ne za su kwana da yunwa, don haka duk injin da ya shiga ƙarƙashin boneti ya tashi, shi ne daidai. Trotro nawa, wato ƙananan bas na haya, ke yawo a Kejetia da injin da ba nasu ba? Amma akwai wani bambanci tsakanin garuruwan biyu da na daɗe ina lura da shi. A Kano iska busasshiya ce, damina ’yan watanni ce, bodin mota yakan shekara talatin bai ruɓe ba. Ƙurar hunturu da zafin bazara da gurɓataccen mai su ke kashe inji. Saboda haka hankalin Bakano ya saba da cewa jiki yana nan, inji ne ke mutuwa, a sake shi. A Kumasi kuwa damina biyu ake yi a shekara, laima ba ta barin ƙarfe ya huta. Nan jiki ne ke fara tafiya.

Na durƙusa da tocila na leƙa ƙarƙashin Datsun ɗin nan. Wajen da batir ke zama ya huje, tsatsa ta cinye shi kamar gara ta shiga azara. Ƙasan da direba ke ɗora ƙafa, da na danna da sukundireba sai ga ɓawon ƙarfe yana zubowa. Wannan mota kuwa ba irin Land Cruiser ba ce mai shasi daban da bodi daban, jikinta shi ne ƙashin bayanta. A kan wannan jikin ne ake son ɗora injin da daga kamfani ma yake fitowa da ƙarfin doki 276 zuwa 320, wanda samari ke murɗa shi har ya haura 500. Injinta na asali, L24, mai silinda shida a jere, lita 2.4, kafireta biyu, ƙarfin doki 151 aka rubuta masa, motar kuma nauyinta bai wuce tan ɗaya da ’yan kai ba. Birkin baya ma irin na ganga ne. Duk abin da ke jikinta, daga birki zuwa ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, an auna shi ne da wannan ƙarfin. Ka ninka shi sau biyu ko uku, sai ka bi kowane ɗaya ka sake, kana yanka kana walda, har ka wayi gari ba abin da ya rage na Datsun sai fitilu da suna.

Abin da ya sa na fi jin tsoro a nan fiye da Kano shi ne gwanintar mutanen Suame. Wanda bai taɓa shiga Magazin ba ba zai gane ba. Sunan ya samo asali ne daga rumbun makaman soja na zamanin Turawa, inda masu gyara suka fara taruwa kafin a mayar da su inda suke yanzu. Gari ne guda na ƙarfe: masu walda, masu narka ƙarfe su zuba, masu injin sassaƙa, masu naɗa waya. A Ƙofar Ruwa idan babu kaya sai a ce maka ka jira kwantena. A Magazin idan babu, sai a ƙera maka kafin la’asar. Panteka ta Kaduna ce kaɗai na sani a wajenmu mai irin wannan hannu. To mutumin da ya iya komai da wuya ka ji ya ce a’a. Da muka je da yaron, masta ya zagaya hoton motar da ido ya ce zai shiga, a yanka nan, a matsar da can. Gaskiya ya faɗa, zai shiga. Ba a dai tambaye shi ko ya kamata ba, shi kuma ba aikinsa ba ne ya hana mai kuɗi kashe kuɗinsa.

Yaron yana da hujja, ba kuma zan raina ta ba. A hanyarmu ta dawowa ya ce mini, “Kawu, motar da ke tafiya ta fi wadda ke kwance. Kayan kafiretan nan sai an yi odarsu daga waje, fita, wato bakanike, nawa ne ya rage a garin nan da ya iya daidaita kafireta biyu da kunne? A Amurka kullum ana sa wa irinta injin V8 mai silinda takwas, ba wanda ya ce an yi saɓo.” Na ce masa haka ne, ɗana, amma Amurka an sayar da irinta sama da 140,000 tsakanin 1970 da 1973. Idan sun yanka dubu, dubbai na nan. Ni a shekarun da na yi tsakanin Kano da Kumasi, wannan ce ta farko da na taɓa da hannuna. Kuma ko a can ɗin, wadda ba a taɓa ba ita ke da daraja: a farkon 2020 an yi gwanjon wata 240Z ƙirar 1971 a intanet a kan dala 310,000, don komai nata na asali ne. Tasa ba za ta yi kusa da wannan kuɗi ba, na gaya masa, kada ya sa rai. Amma na buɗe boneti na goge wani ɗan faranti da ke manne a ciki, na goge gefen injin da tsumma da kananzir, na nuna masa. Lambar da ke kan farantin ita ce a jikin injin. Tare suka fito daga Japan, tare suka tsallaka teku sau biyu, tare kakansa ya tuƙa su. Kuɗi na sayen inji mai ƙarfi kowace rana. Wannan lambar guda ɗaya ce a duniya.

Kuma wai rashin ƙarfi. Irin wannan motar ce, da irin wannan injin, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta, cikin taɓo da duwatsu da ƙura, dubban kilomita. An gyara injinan gasar, ba shakka, amma gidansu ɗaya da wanda ke cikin rumfar nan. A kan hanyar Afirka ta yi suna. Ina kuma za a kai doki 400 a nan? Daga shataletalen Suame zuwa mahaɗar Anloga a giya ta biyu ake rarrafe. Hanyar Accra kilomita 250 ce ko kusa da haka, cike da tireloli da tudun rage gudu a kowane gari. Mota mai tsawon hanci da ƙasa-ƙasa kamar wannan, salansa za ta fara bari a hanya kafin ta ga gudun da ake nema.

Abin da na ba shi shawara ba wai a mayar da tamfol a rufe ba ne. A fara da jiki, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a sa lafiyayye, nan ne gwanintar Magazin za ta yi masa rana. Sai birki: na gaban wata tsohuwar Toyota a-kori-kura yana shiga gabanta da kusoshi kawai, masu irin motar sun daɗe suna yi. A sa lagireto mai kauri saboda cunkoson Kumasi, a cire kwantak a sa wuta ta lantarki, a sabunta tiyon mai da robobin ƙafa. Idan an sauke kan inji a duba mazaunin bawul, tunda an ƙera shi ne a zamanin fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa tuntuni. Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya kwancewa gobe a mayar da na da, matuƙar an adana su a kwali. In bayan ya tuƙa ta wata shida zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai L28, ƙanin wannan injin mai lita 2.8, wanda aka sa a 280Z da wasu tsofaffin Nissan Patrol. Yana zama a mazaunin L24 ba tare da an kunna wutar walda ba. Ko shi ɗin ma da sharaɗi: tsohon injin a zuba masa mai, a naɗe shi, a kawo shi gida. Ba a barin sa a gareji. Na ce masa ina da wuri a shagona, a bayan buhunan goro, ba zan karɓi ko sidi ɗaya ba.

Mahaifin yaron bai sa baki ba sai sau ɗaya. Muna tsaye a rumfar ya ce shi abin da yake tunawa, ranar Sallah tsohon yakan ɗauke shi a kujerar gefe su bi ta Asawase a hankali, yara na bin su a guje, kuma tun motar tana kwanar layi mahaifiyarsa take gane ƙararta ta sa a buɗe ƙofa. Ya faɗa ya koma cikin gida.

Asabar da ta wuce yaron ya kawo wani dattijon fita daga Tafo, wanda ya yi aikin Datsun tun yana yaron gareji. Ya cire fulogi shida ya jera su a kan tsumma, ya ɗiga mai a kowane rami, ya ce a bar shi ya kwana uku. Ranar Talata ya dawo ya sa doguwar sifana a gaban injin ya danna da kafaɗa. Da farko ya ƙi. Ya sake dannawa, sai muka ji wani ɗan huci daga ramukan fulogin, injin ya juya, ya kuma juyawa. Dattijon ya goge hannu ya ce a nemo batir da galan ɗin fetur. Yaron bai ce ya fasa 2JZ ba, hoton yana nan a wayarsa. Amma shi ya hau babur ya tafi neman batir ɗin.