Diyyar bala'i ga manomin Amurka: takarda ake biya, ba asara ba

Duk wanda ya ji an ce Amurka ta ware wa manoma biliyoyin daloli bayan fari ko ambaliya, sai ya ɗauka kuɗin zuba suke kamar ruwan Agusta. Ko kusa.

Hukumar FSA ta ma'aikatar noma ce ke biya, ta ofisoshinta na gunduma. Aikin kuma tun daga shuka yake farawa. Manomi zai je ya cike fom FSA-578: me ya shuka, eka nawa, a wace gona, wace rana. Galibin amfanin gona wa'adinsa 15 ga Yuli ne. Wanda bai yi wannan ba, ranar da ƙanƙara ta kwantar masa da masara ba shi da abin nunawa.

Amfanin da kamfanonin inshora ba sa karɓa, kamar wasu kayan lambu, yana da shirin NAP. Kuɗin rajista dala 325 kan kowane amfani. Amma a duba lissafin da kyau: matakin farko ba ya biyan komai sai asara ta haura rabi, abin da ya haura ɗin ma kashi 55 cikin 100 na farashinsa ake ba ka. A ce ka saba samun buhu 100, bana ka tashi da 20. Hamsin na farko kai za ka haɗiye su. Saura 30, a ba ka kuɗin buhu 16 da rabi, alhali 80 ka rasa. Wannan kuɗin iri da taki ne don a sake komawa gona, ba mai da hasara ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wa'adi. Kwana 15 ne a kai rahoton asara, kayan da ake tsinka da hannu kuwa awa 72 kacal. Kuma kada ka kuskura ka sa garma ka birkice gonar kafin mai tantancewa ya zo ya gani da idonsa, domin ka binne shaidarka ke nan. Makiyayi ma haka: dabbar da sanyi ko ambaliya ta kashe kashi 75 na farashin kasuwa ake biya, bayan an cire mace-macen da aka saba kowace shekara, kuma sai da shaida, kamar hoto ko takardar likitan dabbobi.

Diyyar kiwo lokacin fari taswirar da ke nuna inda fari ya yi tsanani ake bi, wadda ake fitarwa duk Alhamis. Gundumarka ta shiga, ka samu. Maƙwabcinka da titi kawai ya raba ku, ciyawarsa ta ƙone ƙurmus, in tasa gundumar ba ta shiga ba, sai haƙuri.

Sai jinkiri. A Disambar 2024 majalisa ta amince da kusan dala biliyan 21 na asarar 2023 da 2024, amma sai Yulin 2025 aka buɗe karɓar takardu. Aka fara da masu inshora, aka biya kashi 35 na abin da lissafi ya nuna, da sharaɗin a sayi inshora shekara biyu a gaba.

Ni dai ina yaba abu ɗaya: ba a rubuta jerin sunaye bayan bala'i, don haka da wuya sunan wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya kutso. Aibin kuwa, babban manomi mai akanta ba ya kuskure wa'adi. Mai eka goma da ke fama da ruwa a tsakar gidansa, shi awa 72 ke wucewa bai sani ba.