Kwantenar da ba ta Tema

Ni na jawo wa kaina wlh, ba wanda ya aike ni. Ranar nan na shiga shagon Gwaggo Hajiya a kasuwar Nima da ke Accra na tarar da ita tana ta lasar yatsa tana buɗe wani tsohon littafi duk ya sha manja, tana neman wacce ba ta zuba adashi ba, kawai sai bakina ya rigani na ce "Gwaggo ai an wuce zamanin nan, bari in haɗa miki na kwamfuta." Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashi ta ce to ɗan boko, Allah ya ba da sa'a.

Mata 34 ne a adashin, ƴan Nima da Maamobi, kowa sidi 50 duk Laraba, wata ta kawo a hannu wata ta turo ta momo, wato ta waya, wata kuma ta rantse ta ba yaron shago alhali yaron ko pesewa bai gani ba. Na zauna da laftof ɗina ɗan gwanjo da na saya a Circle, wanda batirinsa ba ya kai minti 20 in ba wuta, na rubuta ɗan shirin da zai riƙe lissafi. Kuma saboda lokacin ina kan koyon Docker, komai nawa sai na tura shi cikin kwantena, ko da abin bai buƙata ba, kun san sabon shiga da zumuɗi. Ga wanda bai sani ba, Docker wata manhaja ce da ta fito a 2013, mai tambarin katon kifi ɗauke da kwantenoni a baya, aikinta ta killace shirinka da duk tarkacensa a wuri guda, wurin shi ake kira kwantena. Kamar ɗakin haya ne a gidan yawa, gida ɗaya kuke amma abin da ɗan haya ya ajiye a ƙarƙashin gadonsa ba za ka fito tsakar gida ka gan shi ba. Wannan bayanin yanzu nake iya yinsa da kyau, a lokacin kam ban san ɗakin na da ƙofa ba.

Wata uku ina shigar da zubi, abu na tafiya lafiya lau har na fara tafiya a unguwa kamar wani injiniya. Sai ranar wata Talata da daddare Gwaggo ta kira ta ce gobe kwasar wata Hajiya ce kuma akwai gardama, matar ta ce sau 12 ta zuba ita kuma tana ganin 11 ne, in bugo mata lissafin a takarda. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Na buɗe laftof na duba nan na duba can, babu fayil ɗin. Na san sunansa adashi.db, na ga ɗaya a kan allo amma wannan tsohon ne na gwaji, fanko ne ba komai a ciki. Na gaskiyan yana can cikin ɗakin haya.

Ta sake kira, ina takarda? Ni kuma da wauta na ce "Gwaggo lissafin na cikin kwantena, yanzu zan fito da shi." Shiru na ɗan lokaci. Sai ta ce wace kwantenar, ta shago? Don shagonta na biyu irin kwantenar ƙarfen nan ce da ake yanka wa taga a bakin titi. Kafin in yi bayani ta kashe, ashe har ta tashi ƙanina da tocilan ya je ya birkice buhunan shinkafa da katan ɗin tumatirin gwangwani yana neman lissafi, ƙarfe goman dare. Yaron har yau in ya gan ni sai ya yi tsaki.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, dumsor ba ya sallama. Laftof ya yi ƴan mintunansa ya mutu. Da wuta ta dawo wajen sha biyu na kunna na buga docker ps, abin da ke nuna kwantenonin da ke aiki, sai na ga layin sama kawai, ƙasa wayam. Chale, cikina ya ɗuri ruwa, na fara lissafa sidi nawa ne 50 sau 34 sau wata uku da kuma ko trotro na farko zuwa Kumasi ƙarfe nawa yake tashi. Na kira wani abokina da ke can Kumasi ɗin, shi ya fi ni sanin harkar, ya ɗauka da muryar barci ya ce ƙara -a a ƙarshe, ba ta mutu ba tsayawa ta yi. Na ƙara, sai ga ta, da sunan da Docker ya raɗa mata da kansa tunda ban ba ta suna ba, sleepy_einstein. Wato duk dukiyar matan Nima tana hannun wani bature mai gyangyaɗi.

Abokina ya ce ba sai ka tashe ta ba ma, docker cp na aiki ko kwantena na tsaye. Ka rubuta inda abin yake tukuna, sannan inda za shi, ɓangaren kwantena kuma sunanta sai ɗigo biyu (:) sai hanyar fayil. Ya maimaita sau biyu, daga ina, zuwa ina. Na ce na gane, kai dai koma barcinka.

Karon farko na manta ɗigo biyun, Docker ya yi min tsawa da Turanci wai dole ɓangare ɗaya ya zama kwantena. To ba laifi. Karo na biyu ina cikin bugawa waya ta sake ƙara, Gwaggo ce, tana faɗa wai yaro ya fasa mata kwalbar man gyaɗa a garin nema, na maƙale waya a kafaɗa ina ba da haƙuri hannu na ta aiki, na buga docker cp adashi.db sleepy_einstein:/app/adashi.db na danna. Docker ya ce an yi nasara. Har na yi hamdala da ƙarfi Gwaggo ta ce an samu? Na ce an samu.

Sai da na ajiye wayar na sake karanta layin a hankali, sannan na ji wani sanyi ya taso min daga tafin ƙafa. Na juya abin. Fankon da ke kan allona na ɗauka na kai ciki, ya hau kan na gaskiyan ya danne shi. Kuma shi docker cp ba ya tambaya, babu "ka tabbata?" babu komai, in ya tarar da fayil mai suna iri ɗaya shafe shi yake ya wuce abinsa, ko kwandon shara ba ya jefawa balle ka je ka tono. Na jawo fayil ɗin waje daidai wannan karon, yadda aka koya min, na buɗe, mata 34 babu ko ɗaya, sai wani suna da na sa ranar gwaji wai "Hajiya Test" ta zuba sidi 1.

Da asuba na tafi gidanta kamar wanda zai kai kansa ofishin ƴan sanda. Na durƙusa na fara kame-kame, wai an samu ƴar matsalar fasaha. Ba ta ce komai ba, ta miƙa hannu ƙarƙashin filo ta zaro littafin nan mai manja. Ashe duk wata ukun nan da nake ta burga, ita tana rubuta nata a ɓoye, kowace Laraba, har da wadda ta ce ta ba yaro. Ta lashi yatsa ta buɗe, 11 ne, ba 12 ba.

Dare uku na yi ina kwafe littafin cikin kwamfuta, wannan karon na haɗa kwantenar da wata jakar fayil ta kan laftof da -v, duk abin da aka rubuta ciki yana faɗowa waje nan take, ko an goge kwantenar yana nan. Kuɗin man gyaɗa kuma daga aljihuna ya fita.

Abin da ya rage min yanzu shi ne matan adashi, don labari ya zaga kasuwa amma a karkace. Jiya wata Hajiya ta tare ni a bakin masallaci ta ja ni gefe ta rage murya, wai ta ji ina da kwantena a tashar jirgin ruwa ta Tema, dan Allah in ta gaba za ta taso daga Chaina in saka mata kuloli dozin biyu.