Ku faɗi sunan Bob McDill, ba zai rage wa Don Williams komai ba

Wato saboda layi biyu da na rubuta a ƙarƙashin wani rubutu na Facebook na tunawa da mawaƙin kantiri (country) Don Williams shi ne tun jiya ake ta yi mini ruwan zagi? To madalla. Na zama maƙiyin mamaci, na zama mai neman suna, wani bawan Allah ma ya ce hassada ce ke cina. Hassada fa! Ina zaune a Kaduna ina fama da kuɗin cefane, wai ina yi wa Ba'amurken da ya rasu tun Satumban 2017 hassada. Allah ya kyauta.

Kun dai ga rubutun, don an yi ta yaɗa shi. Mai shi ya zage ya tsara labari mai sa ƙwalla, wai Don ya tashi da tsakar dare ya rubuta wa matarsa Amanda waƙa don ya ba ta haƙuri kan wahalar da ta sha da shi. Ni kuma na ce a'a, Bob McDill ne ya rubuta waƙar "Amanda", kuma matar Don ba Amanda take ba. Iyakar laifina ke nan. Ranka ya daɗe mai rubutu, da ka gyara da an wuce wurin, amma ka goge maganata ka turo mini yaranka.

To yau kun tsokano tsuliyar dodo, sai na faɗa da babbar murya. Waƙoƙin nan da iyayenmu da yayyenmu suka riƙa ji a kaset cikin Fijo a hanyar Zariya, waɗanda har gobe gidajen rediyo ke sa mana ranar Lahadi, da yawansu wani ne ya zauna ya ƙulla su, Don ya rera. "Amanda" ta McDill ce, Don ya yi ta a 1973, mawaƙi Waylon Jennings ya kai ta mataki na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri a 1979. "Come Early Morning" da suka fito a faifai ɗaya da ita, McDill. "Say It Again", McDill. "It Must Be Love", McDill. "Good Ole Boys Like Me" ta 1980, wadda duk mai jin kantiri da gaske yake sa ta a sahun gaba, McDill shi kaɗai. Ita kuma "You're My Best Friend" da ango ke sa wa amarya a wurin dina, wani ne Wayland Holyfield ya rubuta, haka ma "Some Broken Hearts Never Mend". Ku je ku duba, ba ɓoye aka yi ba. Sunan yana nan a jikin faifan, cikin ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan waƙar. Mu ne ba ma karantawa, ga shi kasusuwan da suka iso mana kwafi ne na kan kwafi, da biro aka rubuta sunan mawaƙi a jiki.

Wai "wane ne shi Bob ɗin ma?" Ai tambayar ita ce ciwon. Mutum ya rubuta waƙoƙi 31 da suka hau mataki na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka, kana haddace da amshinsu, amma kana tambayar wane ne shi.

An haife shi a 1944 kusa da garin Beaumont a jihar Texas. A can ya yi jami'a, a can ya haɗu da Allen Reynolds da Jack Clement, mutanen da daga baya suka kafa wa Don Williams ƙafa. Ya yi aikin sojan ruwa, kuma tun 1967 mawaƙi Perry Como ya rera waƙarsa. Da ya fita soja ya bi Reynolds zuwa Memphis, daga nan suka tattara suka koma Nashville, cibiyar waƙoƙin kantiri, a 1970. Abin dariya, da ya isa ba ya ma ganin kantiri da gashi, burinsa waƙoƙin zamani na matasa. Shi da kansa ya ba da labari cewa sai da ya ji wata waƙar George Jones a rediyon mota sannan kunnensa ya buɗe, ya zauna ya koyi sana'ar daga tushe kamar ɗalibi. Ya gwada fitar da faifai da muryarsa a 1972, ya ga hawa dandamali ba nasa ba ne, ya haƙura ya riƙe alƙalami.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa shi ne yadda yake aikin. Mu a nan da an ce waƙa sai a ce ilhama, ko a ce aljanu ke ba shi. Wannan mutum ofis yake zuwa. Ya fita da safe kamar ma'aikacin sakatariya, ya shiga ɗakinsa a unguwar da kamfanonin waƙa suke a Nashville, ya ɗauki jita da takarda, ya zauna har yamma. Litinin zuwa Juma'a. Abin da ya ɗora wa kansa shi ne waƙa ɗaya a mako, kuma wata takan cinye masa makonni, ya rubuta layi ya soke, ya sake rubutawa ya soke. Ya ce "Amanda" ta zo masa cikin kamar rabin awa, amma irin wannan sa'ar ba ta zama al'ada ba, saura duk da gumi ya same su. Haka ya yi ta yi kusan shekara 30 har ya ajiye aiki a 2000. Da ya tashi ba da kayan aikinsa ga gidan adana tarihin kantiri a 2017, littattafan rubutu 217 ya miƙa, cike da rubutun hannunsa da soke-soke. Ɗari biyu da goma sha bakwai, jama'a. Sai kai da ko saƙon waya ba ka iya rubutawa ba tare da kuskure ba ka zo ka ɗauke aikin ka ba wani, don labarinka ya fi daɗi.

Kuma mutum ne mai karatu. "Good Ole Boys Like Me" daga karatun wani littafin Robert Penn Warren ta samo tushe, a cikinta har sunayen marubutan kudancin Amurka ya jero. Yaro ne ke tuna ƙuruciya, uba na riƙe da littafin addini yana warin giya, ga rediyo a gefen gado da dare. Idan ka taɓa jin waƙar nan ta tuna maka da naka mahaifin da irin raunin da ka gani a tare da shi ka yi shiru, to ka sani akwai wanda ya sha wahalar zaɓo waɗannan kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ya cancanci ka san sunansa. Wallahi ya cancanta.

Na ga masu cewa ai murya ce ke sayar da waƙa. Sannunku da bincike. Wa ya ce Don ba shi da murya? Ni da na tashi da muryar nan za a koya wa? To a ba shi takarda fara fat ya rera mu ji. Na ga kuma masu cewa ina rage wa mamaci daraja. Don Williams da kuke karewa, da ƙungiyarsu ta waƙa ta watse ya dawo Nashville a farkon shekarun 1970, aikin rubuta waƙa ya fara kamawa a kamfanin Jack Clement. Shi ya rubuta "Lay Down Beside Me" da hannunsa. Ya san zafin aikin, kuma gwanintarsa ce ta sa ya gane waƙar kirki in ya ji ta, shi ya sa ya yi ta komawa wurin McDill. Ba ya buƙatar ku yi masa ƙarya. Bobby Bare ma da ya cika faifai guda da waƙoƙin mutumin a 1977, sunan McDill ya sa a sunan faifan don kowa ya gani.

Sai 'yan "ai an biya shi kuɗinsa". Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. To a nan na yarda, kurar ta samu nata kason, don can akwai tsari. Marubuci yana da kamfanin da ke ba shi kafin alƙalami, akwai masu yawo da waƙar ofis-ofis suna tallata ta ga furodusoshi, akwai ƙungiyoyi irin su BMI da ASCAP masu bin gidajen rediyo suna karɓo masa kuɗi duk lokacin da aka sa waƙarsa. Amma kada ku ɗauka aljanna ce. Daga 1909 har zuwa 1978 abin da doka ta yanka wa waƙa a kan kowane faifai da aka sayar santi biyu ne, shi ma a raba da kamfani. Willie Nelson da kuke gani da kitso, lokacin da yunwa ta matsa masa dala 50 ya sayar da "Family Bible". Don Schlitz da ya rubuta wa Kenny Rogers "The Gambler" aikin dare yake yi a ɗakin kwamfuta na jami'ar Vanderbilt lokacin da ya rubuta ta. Kuma ko an biya mutum, yaushe biya ya zama lasisin goge sunansa? Su kansu Amurkawan sai 2023 suka shigar da McDill zauren girmamawa na kantiri, shekara 13 bayan Don. Mu kuwa ko a sharhin Facebook ba mu yarda a ambace shi ba.

Wanda ya ce meye ruwanmu da waƙar kaboyi, ba zan ma amsa masa ba. Me ya kai ka ƙarƙashin rubutun?

Abin da ke ba ni haushi, wannan halin ba gadonmu ba ne. Malamanmu masu rubutacciyar waƙa sukan sa sunansu a baitocin ƙarshe, wani har da garinsu da shekarar da ya gama, don kada abin ya shiga duniya ba uba. Imfiraji ta bi bakin mabarata da gidajen rediyo shekara da shekaru, amma kowa ya san ta Aliyu Namangi ce. Yau kuwa ka kwana kana rubutu, da safe ka gan shi a shafin wani ya cire sunanka ya sa hotonsa da tabarau. Ka yi magana a ce ka cika son a sani. Yaro ya ba mawaƙi baiti da kari a situdiyo, a sallame shi da kuɗin mota, waƙa ta tashi, ko a ƙasan bidiyo ba za ka ga sunansa ba. Hali ɗaya ne. Wanda bai ga laifin ƙwace wa McDill "Amanda" ba, ba zai ga laifin ƙwace maka naka ba.

Ni dai ban janye ba, kuma ba zan goge ba. Bob McDill ne ya rubuta. Mai son ya cire ni daga abokansa, bismillah, hanya a buɗe take.

Af, tunda ana maganar rediyo, don Allah masu gabatar da shirin kantiri na ranar Lahadi ku ji tsoron Allah ku daina surutu a kan waƙa. Minti uku ce gaba ɗayanta. Sai an zo daidai wurin da jita za ta yi magana sai ka rage sauti ka fara gaida Alhaji wane na kasuwar waya da iyalinsa da maƙwabtansa. Ka bari ta ƙare mana, sannan ka gaida duk wanda ka ga dama. Kuma in akwai wanda ya san mai gyaran rikoda ta kaset a cikin Kaduna, wanda zai iya samo bel ɗinta, ya ajiye mini kwatance a ƙasa, tawa ta fara cin zare.