Ƙafafuna a falo, kaina a rufi

Kun dai san gidan nan da na so saya, wanda na dame ku da zancensa. Kafin a biya kuɗi uwargida ta kafe sai an kawo injiniya ya duba, ni kuwa na ce me za a duba a gidan da fentinsa ke ƙyalli? Ashe fentin ne ma abin zargi. Shigowar mutumin ke da wuya ya manna wata 'yar na'urar auna danshi a gindin bangon falo, ta hau kuka. Wai ruwa ne ke tasowa daga ƙasa yana bin bulo har kusan mita 1, aka shafa fenti don a rufe tabon. Dillali ya ce ai jiya aka wanke ɗakin. Ko kallonsa injiniya bai yi ba.

Haka ya bi gidan yana tona masa asiri. Ya ƙwanƙwasa tayil da ƙotar sukundireba, inda ya ji amon fanko ya ce babu siminti a ƙarƙashi. Ya buɗe famfuna duka lokaci guda, na banɗaki ya koma ɗigo. Tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ta karkace zuwa sama kuwa, ya ce in faɗinta ya wuce milimita 5 a daina zancen filasta, a tuhumi fandisho.

Sai rufi. Ya kafa tsani ya shige ta 'yar ƙofar silin zai duba gara da yoyo. Ni mai sayen gida in tsaya a ƙasa ana ba ni labari? Na tattare riga na bi shi.

"Alhaji, katako kawai za ka riƙa takawa, allon silin ba ya ɗaukar mutum."

"Haba injiniya, ai na sani."

Can ciki duhu, ga zafi, ga ƙura. Ya haska wani katako ya nuna min hanyar laka da gara ta gina, ya soka sukundireba ta shige har ƙota. Na matsa in gani da kyau ke nan, wani abu ya gilma ta kan ƙafata. Ɓera ne ko ƙadangare, shi ya san kansa. Na daka tsalle.

Ɓurum!

Daga ƙirji zuwa ƙasa na koma falo, hammatana suka maƙale a katako biyu. Rigar ta naɗe ta tsaya a wuyana, tumbi a waje, takalmi ɗaya ya riga ni sauka. Ƙafafuna sai neman ƙasa suke kamar mai tuƙa keke. Ina jiyo uwargida tana salati, mai gidan yana ta faɗin "silin ɗina, silin ɗina", ba wanda ya tambayi haƙarƙarina. A sama kuma injiniya ya dalle min fuska da tocila, ya ce cikin natsuwa, "Alhaji, rage motsi, na damanka ma gara ta ci shi." Ana cikin haka na ji muryar dillali daga ƙasa: "Hajiya, kin ga ingancin katako? Alhaji sukutum ya ɗauka bai karye ba."

Duk wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba shi ne ƙanin uwargida, wancan dogon da kuka sani. Ba wanda ya gayyace shi, ya dai shigo mota wai zai ba da shawara, mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba. Tsani na nan jingine a gefensa, matsowa da shi kawai zai yi. Sai ya zaro waya. Da kunnena na ji shi yana cewa, "Yaya, ɗan ƙara wutsil-wutsil ɗin, bai fito sosai ba." Yaron da na koya wa tuƙi da motata! Har yau jak ɗina na wurinsa, kullum sai ya ce gobe. Da ya ga dama ya kawo tsanin ma, sai ya kafa shi inda babban yatsana kaɗai ke taɓowa.

Rahoton injiniya ya zo da hotuna, shafi bayan shafi. A sashen silin ya rubuta cewa akwai babban rami a falo, bai faɗi dalili ba, Allah ya yi masa albarka. Gidan dai ba mu saya ba, amma ni na biya gyaran silin. Shi kuma dogon ya rantse ya goge bidiyon, sai dai ranar nan maƙwabcinmu ya gaishe ni yana kallon ƙafafuna.