Kuɗin dashen itace ya zo, amma wa zai ba su ruwa a watan Afrilu?

Daminar bara waccan na halarci bikin dashen itatuwa a wani ƙauye da ke arewacin Sakkwato, kan hanyar Illela. An kafa rumfuna, an kawo dashe cikin baƙaƙen ledoji a bayan mota, manya suka tsuguna suka dasa, yara suna ta murna. Na sake bi ta garin a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40. Layin nan duk ya mutu, sai sanduna da ledojin da iska ta maƙale a jikin ƙaya. 'Yan ƙalilan ne suka rayu, kuma dukkansu a bakin gonar wani dattijo suke. Ya kewaye su da ƙayar bagaruwa saboda awaki, yana ɗauko musu ruwa a jarkoki bisa jaki duk bayan kwana biyu. Na ce, Baba, an biya ka kuwa? Ya girgiza kai, ya nuna mini jikokinsa, ya ce inuwarsu yake tanada.

Abin ya tsaya mini a rai har yau. Wannan bawan Allah shi ne ma'aikacin da shirin ya fi buƙata, kuma shi ne wanda babu sunansa a kasafi.

Kada wani ya ce babu kuɗi. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shingen itatuwa don tare hamada daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 da samar da aiki miliyan 10 kafin 2030. Najeriya ta kafa wa shirin hukuma da doka a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada waɗanda aka kafa ta dominsu. A Janairun 2021 a Paris aka yi wa ganuwar alkawarin fiye da dala biliyan 14. A ƙarshen shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin gyara hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace. Bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya, saboda haka muna da bakin tambaya.

Inda matsalar take shi ne abin da ake biya. Ana biyan mai kawo dashe, da mai haƙa rami, da mai haya rumfa, duk aikin yini ɗaya. Itace kuwa a ƙasarmu jariri ne. Ruwa yana ɗaukewa a ƙarshen Satumba, ba ya dawowa sosai sai Yuni, ga hunturu, ga bazara, ga dabbobi a sake bayan an kwashe amfanin gona. Dashen da bai sami mai raino ba na tsawon rani biyu ko uku, da wuya ya kai labari. To a nan aikin yi yake. A ɗauki matasan garin da ke tafiya ci-rani Legas da Fatakwal duk bayan girbi, a raba musu layi-layi, a yi yarjejeniya a gaban hakimi ko mai unguwa: kaso kaɗan ranar dashe, mafi yawa kuma sai an ƙirga itacen da ya tsallake rani. A ba mata kwangilar renon iri a gidajensu, tunda su ne suka san wahalar neman itacen girki, maimakon a ɗauko dashe daga nesa ya iso a galabaice. A kuma tambayi mutane abin da suke so. Dogon yaro yana da inuwa yana tare iska, amma wanda aka ba kuka, ko aduwa, ko magarya, ko bagaruwar da majema ke saye don jemar fatar jar akuyarmu, ba sai an roƙe shi ya tsare ba.

Za a ce ƙirga itace ƙauye-ƙauye yana da wuya, kuma za a yi maguɗi. Gaskiya ne, amma wayar hannu tana ɗaukar hoto da wurin da aka tsaya, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yaye ɗaliban gandun daji da aikin gona da ke zaune ba aiki. Ga masu ƙirga nan. A Isa da Sabon Birni kuwa, inda 'yan bindiga suka hana baƙo shiga daji, ɗan gari ne kaɗai zai iya aikin ko ana so ko ba a so.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Daga Illela taku kaɗan ne zuwa Birnin Ƙonni. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturen gonarsu, su rage rassa, su bar ƙwarara su tashi. Suna kiransa sassaben zamani. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, ba tare da leda ko ban-ruwa ba, domin saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Gawo ya dawo gonaki, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Mu ma sai an faɗa wa manomi haka a fili, a rubuce, don kada ya ji tsoron malamin daji zai ci shi tara ranar da ya sare reshe a gonarsa.

Sauran laifin namu ne. Akwai ƙananan tallafi da ake ba ƙungiyoyin al'umma kai tsaye, kamar na asusun muhalli na duniya, GEF, da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ke gudanarwa, wanda a shekarun baya yake kaiwa har dala 50,000. Ba a ba mutum ɗaya. Ana neman ƙungiya mai rajista, da asusun banki da sunanta, da littafin shige da fice, da shaidar wani aiki da ta taɓa yi ko da ƙarami ne. Ƙungiyoyin matasa da na mata da yawa a Wurno, Gwadabawa da Tangaza suna aikin gayya shekara da shekaru, amma ba su da ko takarda ɗaya, sai wani mai kwamfuta daga birni ya nema da sunansu. Ɗan garin da ya yi boko ya zauna ya rubuta wa ƙungiyar ƙauyensu tsarin mulki, ya raka su rajista. Wannan ma hidima ce.

Hukumomin kuma su daina ɓoye sanarwa a intanet da Turanci. A karanta ta da Hausa a gidan rediyon Rima, a liƙa ta da boko da ajami a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma cikin 23 ɗin nan na jihar Sakkwato, tare da sunan ƙauyukan da aka zaɓa, da adadin dashe, da kuɗin da aka ware wa masu raino. Irin da za a dasa a watan Yuli tun cikin bazara ake zuba shi a leda, don haka kafin lokacin ya kamata kowane gari ya san wa zai rena, wa zai tsare, kuma nawa za a biya shi.