Ba Boron Kaɗai Ke Kashe Ƙwayar Ciwon Daji Ba

Mutane da yawa idan suka ji labarin maganin ciwon daji da ake haɗa sinadarin boron da niyutiron (wasu ƙananan ɓurɓushi da ke cikin ƙwayar zarra), sai su ɗauka boron ɗin guba ne da ake ɗura wa majiyyaci domin ya ƙone ƙarin. Ba haka abin yake ba. Shi kaɗai ba ya kashe ƙwayar.

Ana sa wa majiyyaci wani sinadari mai suna BPA ta jijiya, wanda ke ɗauke da wani nau'in boron da ake kira boron-10. Ƙwayoyin dajin, saboda yawan haɗamarsu ta abinci, sun fi lafiyayyu zuƙarsa. Daga nan ne ake haska wurin da niyutiron marasa gudu sosai. Duk boron-10 ɗin da ya kama niyutiron sai ya tsage zuwa ɓurɓushi biyu: alfa da litiyam-7. Tafiyarsu ba ta kai maikiromita 10 ba, wato kusan faɗin ƙwayar halitta guda.

A wannan ɗan taƙin ne ɓarnar take. Ɓurɓushin nan suna datse igiyoyi biyu na DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta) lokaci ɗaya, a wurare masu kusa da juna, ta yadda ƙwayar ba ta iya ɗinke su daidai. Ko ƙarin da iskar oksijin ta yi masa ƙaranci, wanda kan jure wa hasken radiyeshan da aka saba gasa ciwon daji da shi, bai cika tsira ba.

Amma kada a ce babu illa: lafiyayyun ƙwayoyi ma suna ɗaukar boron kaɗan. Japan ta amince da wannan hanya a 2020, ga ciwon dajin kai da wuya wanda tiyata ba za ta iya cirewa ba.